Daga Fatar Majema Zuwa Roba: Tarihin Yoyon Baƙin Mai a Tsofaffin Motoci

In ka taɓa tsayawa jiran mota a Ƙofar Doka, ka duba ƙasa wurin da bos-bos ɗin Samaru da Sabon Gari ke lodi. Za ka ga baƙaƙen tabo birjik, kowace mota ta bar nata. Ka tambayi direba, amsar ɗaya ce: "Ai tsohuwar mota ce, dole ta yi yoyo." Sai ya ɗauko galan daga ƙarƙashin kujera ya yi ciko. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Yoyon nan yana da dalili, dalilin kuma yana da tarihi.

Ga asalin matsalar. A cikin inji akwai sandar ƙarfe da fistin ke juyawa, wadda bakanike ke kira karanshaf. Dole ƙarshenta ya fito waje don ya kai ƙarfi ga giya, kuma dole mai ya zauna a ciki. To yaya za ka toshe ramin da abu ke juyawa a cikinsa sau dubu uku a minti ɗaya? Masu ƙera motocin farko sun riƙa cusa igiya ko curin gashi a wurin. Yana rage zuba, amma ba ya hanawa.

Abin da zai ba Bazazzagi sha'awa shi ne, gyaran ya fito ne daga sana'ar da muka sani a cikin ganuwa, wato jima. A garin Weinheim na Jamus akwai kamfanin Freudenberg, wanda ya fara da aikin jeme fata a 1849. Da tattalin arziƙin duniya ya karye a 1929, kasuwar fata ta faɗi, sai wani injiniyansu mai suna Walther Simmer ya ƙera zobe na fata a cikin gidan ƙarfe, wanda leɓensa ke rungumar sandar tana juyawa. Shi ne kakan abin da ake kira oyil sil a garejinmu. Sai dai duk wanda ya ga takalmin da ya kwana biyu a rana ya san halin fata: zafi na busar da ita ta tsage. Shi ya sa a tsakiyar shekarun 1930 aka koma ga robar roƙo mai suna naitiril, wadda mai ba ya kumbura ta. A 1939 kuma Niels Christensen ya samu rajistar zoben roba mai siffar O a Amurka. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 kamfanin DuPont ya fito da Viton, robar da ke jure zafin da ya kai digiri 200, alhali naitiril daga wajen 120 take fara sarewa.

Ba motar da ta fi nuna wannan darasi kamar bos ɗin Volkswagen, wato Kombi, da aka fara ƙerawa a Jamus a 1950, aka kuma ci gaba da yi a Burazil har 2013. Turawa sukan sa mata gado da murhu su mai da ita ɗaki, wasunsu ma a shekarun 1970 da ita suke keto Sahara ta Agadas da Damagaram su sauka Kano. A nan kuwa haya ta yi; ita ce asalin danfon Legas. Ainihin injinta yana baya, ba shi da lagireto, iska ke sanyaya shi. Gangar injin ɓari biyu ce da aka haɗa da noti. Akwai bututu takwas da mai ke bi ya koma ganga, kowanne da roba a kai da gindi, ka ga wuri goma sha shida ke nan da zai iya ɗiga. Ta wajen fuli ma babu robar toshi sam, wani faifai ne da zare ke mayar da man ciki. Man duka lita biyu da rabi ne, don haka ɗigon da ka raina yana iya ƙarar da shi.

Sannan ƙarafan ba halinsu ɗaya ba. In an yi zafi, alminiyon yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Kullum aka tada inji aka kashe, sassan suna motsi a kan juna, roba ce ke cike giɓin. Ranar da ta ƙandare, shi ke nan. Ƙara da yanayinmu: ƙurar hunturu tana manne wa man da ya zubo ta zama laka a jikin injin, lakar ta hana iska sanyaya shi, zafi ya ƙaru, robar ta ƙara ƙonewa. Sai bazara ta zo ta ƙarasa aikin.

A 1975 kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, kayan gyara na asali suna samuwa. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo SAP darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka. Aka koma ga 'yan Kwatano, motocin da suka riga suka ci shekaru a Turai. Bakanikenmu suka koyi yanka gasket da kwali suna shafe shi da gam. Dabara ce ta rashi, ta kuma rufa wa mutane da yawa asiri, amma tana da iyaka.

Akwai wani dalilin da ba a cika dubawa ba. In ringin fistin ya cinye, hayaƙi na tsallakewa cikin ganga ya tara matsi, matsin ya turo mai ta duk inda ya samu rauni. Motocin da can bututu kawai suke da shi mai zubar da hayaƙin a titi. A farkon shekarun 1960 ne aka fara sa bawul mai mayar da shi cikin inji a Amurka, jihar Kalifoniya ce ta ja gaba. In wannan hanyar numfashi ta toshe, ko sau goma ka canza oyil sil, yoyo zai dawo.

To, me tarihin ya koya maka? Ka sa a wanke injin tas, a tada shi, a nemo wuri mafi tsawo da man ya fara fitowa, domin mai gangarowa yake yi, inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne asalin ba. A duba hanyar numfashi kafin a kwance komai. Kada a matse noti fiye da ƙima, yana lanƙwasa murfi ne. Gam kuma kaɗan ya isa. Wanda ya yi yawa yakan gutsure ya toshe rariyar mai, daga nan sai inji ya buga, abincin gida guda ya tsaya. In ana samun robar da ta fi jure zafi, tsadarta ba ta kai ta sabon inji ba.

Ka tuna kuma man da ya zuba ba ɓacewa yake yi ba. Gidaje da yawa a cikin birni da rijiya suke dogara, kuma ruwan damina na wanke tabon nan ya nutse da shi ƙasa. Gobe in direban unguwarku ya ɗauko galan zai yi ciko, tambaye shi yaushe rabon da a duba numfashin injinsa.