Tarihin Zumuncin Almajiran Sulhu a Bradford

Duk wanda ya ga tsofaffin ɗaliban sashen nazarin zaman lafiya na Jami'ar Bradford ta ƙasar Ingila suna komowa makarantarsu daga Afirka da Asiya da Turai, wasu da furfura, wasu da tabon fitinun da suka shiga tsakani, ya kamata ya san cewa wannan zumunci yana da asali mai daraja. Jama'ar Kweka, wata ɗariƙa ta Kirista da ta haramta wa kanta ɗaukar makami, su ne suka tara dukiya domin a kafa kujerar wannan ilimi, aka kuwa ɗora mata Adam Curle a shekarar 1973, malamin da ya riga ya yi ta kai da komowa tsakanin Janar Gowon da Ojukwu a zamanin yaƙin basasar Nijeriya, yana isar da saƙo a asirce lokacin da amana ta yanke.

A ganina, albarkar wannan tarbiyya ce ta riƙe sashen sa'ad da wasu 'yan siyasar Ingila suka tuhume shi da karkata ga masu adawa da makaman nukiliya, domin almajiran da suka sha karatu a hannun wanda ya ga yunwar Biyafara da idonsa ba sa ɗaukar sulhu a matsayin zancen littafi kawai. Daga shekarar 2002 ƙungiyar Rotary ta fara ɗaukar nauyin ɗalibai zuwa can, halarar ta ƙara yalwa, har sashen ya cika shekara 50 a 2023.