Ragowar Maganin Ƙwari a Kayan Lambun Fadamar Rima: Nazarin Tazarar da ke Tsakanin Feshi da Kasuwa a Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci haɗarin da ragowar maganin ƙwari a jikin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ke jawo wa lafiyar masu ci, tare da ɗaukar fadamar Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, a matsayin farfajiyar nazari. An dogara ne da abin da ilimin guba ya tabbatar game da magungunan da manoman rani suka fi amfani da su, da hukunce-hukuncen NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, da na Tarayyar Turai, sannan aka auna su da yanayin noma da cimar yankin. Maƙalar ta nuna cewa ba yawan feshi kaɗai ke kawo haɗari ba. Abin da ya fi tasiri shi ne kwanakin da ake bari tsakanin feshin ƙarshe da ɗiba, kuma kasuwa ce ke yanke waɗannan kwanaki, ba takardar da ke jikin kwalba ba. Yara ƙanana da masu juna biyu su ne suka fi fuskantar cutarwa.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum. Mutanen Kabi ba su da uzurin rashi ta wannan fuska. Gulbin Rima, bayan ya haɗu da na Sakkwato, yana ratsa Argungu da Birnin Kebbi ya bar shimfiɗaɗɗiyar fadama wadda ake nomawa rani da damina. Tun daga shirin Fadama na Bankin Duniya a shekarun 1990, rijiyar burtsatse da injin ban-ruwa suka sa lambu ya bunƙasa, sannan shirin bai wa manoman shinkafa rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙara cika fadamar da masu noma. Inda noma ya yawaita, shagon maganin feshi ba ya nisa.

Uwargida a unguwar Nasarawa da ta aiki yaro cefane tana duba tumatir ko ya ruɓe, tana duba alayyafo ko ƙwari sun huda shi. Wanda ya fi sheƙi shi take zaɓa, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi shan magani. Tambayar da wannan nazari ya sa gaba ita ce: me ke biyo ganyen nan zuwa tukunya, kuma wa ya fi cutuwa da shi?

2.0 Magungunan da Yadda Suke Aiki a Jiki

Mafi yawan magungunan ƙwarin da ake samu a shagunan arewa sun faɗo cikin gida biyu. Na farko shi ne dangin oganofosfet, wanda ya ƙunshi dikulobos, da aka fi sani da DDVP kuma shi ne ke cikin Sniper da fiya-fiya, da kulofirifos, da daimetowet. Na biyu dangin fairetiroyid ne, irin su saifametirin da maganin da ake sayarwa da sunan Karate.

Oganofosfet yana kashe ƙwaro ne ta hanyar toshe wani sinadari, asetilkolinestares, wanda aikinsa shi ne katse saƙon da jijiya ta aika wa tsoka bayan an isar da shi. Idan an toshe shi, saƙon ba ya tsayawa. Ɗan Adam ma yana da wannan sinadari, shi ya sa wanda ya shaƙi magani mai yawa ko ya haɗiye shi zai kama dalalar da miyau, hawaye, gumi, amai da gudawa, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya gagara. A asibiti ana ceto irinsa da allurar aturofin. Wannan shi ne haɗarin gaggawa, kuma ya fi faɗa wa mai feshin kansa, ko gidan da aka zuba abinci a galan ɗin magani. A Yulin 2013 yara 23 suka rasu a wata makarantar firamare a jihar Bihar ta Indiya bayan sun ci abincin da aka dafa da man da ya gurɓata da irin wannan magani.

Haɗarin da ya shafi mai ci a kullum ya fi wannan ɓuya. Ɗan abin da ya rage a jikin latas ba ya kai mutum asibiti a ranar. Bincike biyu da aka buga a Amurka a 2011 sun bi diddigin mata masu ciki da 'ya'yan da suka haifa har shekara 7. Na Bouchard da abokan aikinta, a tsakanin iyalan ma'aikatan gona na kwarin Salinas a Kalifoniya, ya gano cewa 'ya'yan matan da aka fi samun ɓurɓushin oganofosfet a fitsarinsu sun gaza 'ya'yan waɗanda suka fi ƙarancinsa da kusan maki 7 a ma'aunin basira. Na Rauh da abokan aikinta a birnin Niyok ya danganta kulofirifos da raunin riƙe abu a ka. Irin waɗannan hujjoji na cikin abin da ya sa Tarayyar Turai ta janye izinin kulofirifos a 2020. Ta fuskar ciwon daji kuwa, cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya lindan, wato sinadarin Gammalin 20, a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi a 2015, ta kuma daɗe da sanya dikulobos cikin waɗanda ake zargi.

3.0 Darasin Wake

Hujja mafi ƙarfi da Nijeriya ke da ita a rubuce ba daga lambu ta fito ba, daga rumbun wake ta fito. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na makarantar sakandaren Doma a jihar Gombe suka kwanta bayan cin waken da aka adana da magani, kuma a shekarar NAFDAC ta haramta magungunan gona 30. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun dikulobos daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka gindaya ita ce 0.01.

Ya kamata a fahimci wannan iyaka da kyau. Ba ita ce layin da guba ke farawa ba. Ma'auni ne na ko an bi ƙa'idar amfani da magani. Ma'aunin lafiya daban yake: kwamitin masana na hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade cewa abin da jiki zai iya ɗauka na dikulobos kullum, tsawon rayuwa, bai wuce miligiram 0.004 ga kowane kilo na nauyin mutum ba. Magidanci mai nauyin kilo 60 yana da damar miligiram 0.24 ke nan a yini, yaro mai kilo 15 kuwa 0.06 kacal. Giram 100 na waken da ya fi gurɓata yana ɗauke da 0.46 kafin a ɗora shi a wuta, kusan ninki takwas na rabon yaron. Dahuwa tana rage dikulobos sosai, gaskiya ne. To amma latas, da kokwamba, da gauta, da ɗanyen tumatir da albasar da ake yanka wa tsire da kwaɗo, ba sa ganin wuta ko kaɗan.

Abin da ya fi tayar da hankali a labarin waken shi ne inda aka gano matsalar. A bakin tashoshin Turai aka gano ta, domin can ne ake gwadawa. Kwandon da ya taso daga fadama da asuba yana isa babbar kasuwar Birnin Kebbi kafin hantsi ba tare da ya bi ta wani ɗakin gwaji ba.

4.0 Tazarar Feshi da Ɗiba

Kowace kwalbar magani mai rajista tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a ɗebi amfanin, domin rana da iska da girman tsiron su cinye ragowar. A nan ne ƙa'ida da rayuwar ɗan lambu suke karo.

Tumatir da tattasai da kuɓewa ba sa nuna gaba ɗaya. Idan gona ta fara bayarwa, ana shiga ɗiba duk bayan 'yan kwanaki har tsawon makonni, ƙwari kuma ba su daina ci ba. Manomin da ya yi feshi yau, gobe dillali ya zo da mota kuma farashi ya tashi, da wuya ya ce a dakata. Idan ya jira, zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, zai lalata masa kaya a tsaye, ga bashin taki da na man inji. Ba mugunta ba ce. Lissafin mai iyali ne, kuma duk shawarar da ba ta dubi wannan lissafi ba a takarda za ta ƙare.

A kan wannan sai a ƙara yadda ake haɗa maganin. Bayanin jikin kwalba da Turanci yake, da ƙananan haruffa, yana maganar lita a hekta. Mai feshi kuwa da murfin kwalba ko gwangwanin madara yake awo, ya zuba a famfon goyo mai lita 16 ko 20, sau da yawa bisa abin da mai shago ya faɗa masa. Idan ƙwarin ba su mutu ba sai ya ƙara murfi, ko ya gauraya iri biyu.

Tsutsar tumatir da manoma ke kira Sharon ta ƙara dagula lamarin. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, a 2016 kuma ta yi wa tumatirin arewacin Nijeriya ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Tana shigewa cikin naman ganye da cikin ɗan tumatir, inda feshin da ke zama a waje ba ya iskar ta, tana hayayyafa kusan sau goma a shekara, tana kuma saurin sabawa da magani. Sakamakon haka shi ne feshi a kai a kai da maganin da ya daina aiki a kanta amma bai daina aiki a jikin mutum ba.

Zafin yankin yana da ɗan amfani, domin rana mai ƙarfi tana saurin rusa wasu magungunan da ke bisa ganye. Wannan ba ya taimakawa ga irin su daimetowet, waɗanda tsiro ke zuƙewa su shiga cikin jikinsa. A shekarun nan kuma azumi yana faɗowa cikin rani, lokacin da buƙatar kankana da latas da kabeji ke hauhawa, wato daidai lokacin da jira ya fi yi wa manomi tsada.

5.0 Doka da Iyakarta

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ba ta zauna ba. A 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben dikulobos a kasuwannin yau da kullum, sannan ta tsayar da 2024 a matsayin shekarar daina amfani da maganin ciyawa na farakwat da kuma kulofirifos. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar Sitokhom ta 2001, wadda ta haɗa da lindan a 2009. Sai dai jihar Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, kuma haramta magani a Abuja ba ya kwashe shi daga teburin mai talla ranar kasuwa. Haka nan hukumar da ke rajistar kwalba ba ta tsaye a gona ranar ɗiba. Wannan giɓi na malaman gona ne, wato na KARDA, hukumar raya noma ta jihar Kebbi, da ƙananan hukumomi.

6.0 Abin da Za a Iya Yi

A gida, wanke kayan lambu da ruwa mai gudana tare da murzawa, da ɓare bayan karas da kokwamba, da zubar da ganyen waje na kabeji, suna rage abin da ke sama, ba sa taɓa wanda ya shige ciki. Barin cin ganye gaba ɗaya ba mafita ba ne, domin illar rashinsa ga yaro tabbatacciya ce. Wani bincike na Jami'ar Masachusets a 2017 ya nuna cewa jiƙa tuffa na minti 12 zuwa 15 a ruwan bakar hoda ya fi ruwa zalla cire maganin da ke bayanta. Tunda kanwa ta ƙunshi gishirin da ke dangantaka da wannan, kuma babu ɗakin girkin da ba shi da ita, ya dace sassan kimiyyar sinadarai na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero su gwada ta a kan latas da tumatir kafin a ba kowa shawara a kanta. Su ne kuma suka fi cancanta su riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwannin Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Aliero a kowane rani, a buga sakamakon da Hausa.

A gona, abu na farko shi ne a rubuta kwanakin jira a jikin kwalba da Hausar boko da ajami, da manyan lambobi, a kuma fassara awo zuwa murfi nawa a famfo ɗaya. Na biyu, a koya wa manomi raba lambunsa gida-gida, ya fesa wannan yana ɗibar wancan, ta yadda jira ba zai hana shi kuɗin mako ba. Ruwan 'ya'yan dogon yaro da tarkon kama namijin Sharon suna iya ɗaukar nauyin makonnin ɗiba, a bar magani mai ƙarfi ga farkon shuka.

Saura wanda zai tilasta. Masarautar Argungu ta daɗe tana hana su a Matan Fada har sai lokacin bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934, kuma Sarkin Ruwa da mutanensa ke tsare wannan hani, Kabawa suna bi. Ke nan al'ummar tana da tsarin da ya san yadda ake sa mutum ya jira abin da yake gani da idonsa. Sarakunan noma da shugabannin 'yan gwari za su iya ɗaukar irin wannan aiki: kowane rukunin lambu ya riƙe littafin ranar feshi, dillali ya duba shi kafin ya ɗora kwando a mota, kayan da suka cika kwanakinsu kuma a ware musu rumfa a kasuwa da ɗan ƙarin farashi da zai biya manomin kwanakin da ya jira.