Ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Bara da bazara na tsaya gaban ƴan ajina a wata makaranta kusa da Mayahi, na tambaye su wane ne Abdou Moumouni. Hannuwa suka tashi. Ɗaya ya ce jami'a ce a Yamai. Wata yarinya ta ce can yayanta yake karatu. Na ce to, kafin ya zama sunan jami'a, mutum ne, kuma a Tasawa aka haife shi. Aji ya yi tsit. Can wani yaro ya ce, "Mushe, Tasawar nan tamu?" Ban ga laifinsu ba, don ni kaina sai da na fara koyarwa na san haka.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtachi, a bakin kogin Kwara, amma a ƙasar Hausa ya buɗe ido. Ya yi ƙaramar makaranta a Damagaram da Yamai, daga nan sai makarantar William Ponty a Senegal, wadda Turawan Faransa suka kafa don samun malamai da akawu da ƴan aikin asibiti. Iyakar abin da aka tanadar wa ɗan baƙar fata ke nan a lokacin. Shi bai tsaya nan ba. Ya wuce birnin Paris ya karanci fizik, wato ilimin haske da zafi da motsi da lantarki. A 1956 ya ci jarrabawar da ake kira agregasiyo, gasa ce mai gurabe kaɗan wadda ƴaƴan Faransawa ma suke faɗuwa a cikinta bayan shekaru na shiri. Shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya ci ta a fannin fizik. A shekarar ce kuma Joseph Ki-Zerbo na Burkina Faso ya ci tasa a fannin tarihi.

Mai irin wannan takarda yana iya zamansa a Faransa har ƙarshen rayuwa. Bari in ba da misali. Bafaranshen nan Alain Aspect ya ci wannan jarrabawa, ya koyar a Yawunde ta Kamaru a farkon shekarun 1970, ya koma gida ya duƙufa kan binciken ƙwayoyin haske, har ya samu kyautar Nobel a 2022. Ƙwayoyin haske kuwa, tun 1905 Albert Einstein ya nuna cewa haske yana zuwa ne ɗiɗɗigo ɗiɗɗigo, kamar tsabar gero, kowace ƙwaya da ƙarfinta. Ana kiran su foton. Su ne ke dukan farantin sola da ke kan ɗakinka su tayar da wutar da kake cajin waya da ita. Abdou Moumouni ya san wannan ilimi ciki da bai. Amma tambayar da ta dame shi daban ce: wannan rana da ke ƙona mu wata tara a shekara, me ya sa ba za ta ɗebo mana ruwa ba, ta dafa mana abinci?

Siyasa ma ba ta bar shi ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa. Da Gini ta ce a'a ga Janar de Gaulle a watan Satumba 1958, Faransa ta kwashe malamanta don ta durƙusar da ƙasar, shi da Ki-Zerbo suna cikin ƴan Afirka da suka tafi Konakiri suka riƙe alli. Daga baya ya je Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike kan makamashin rana, ya zo Bamako a 1964 ya kafa ɗakin bincike, sannan a 1969 ya dawo Nijar ya shugabanci ofishin makamashin rana, ONERSOL, har zuwa 1985. A can aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace ruwa, da murhun da ke tattara haske da madubi, da injin da zafin rana ke juyawa. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Duk wanda ya ga mata a Gulbin Kaba suna dawowa da ɗaurin kara da busasshen kaba a ka, bayan tafiyar rabin wuni, zai gane cewa mutumin nan ba mafarki yake yi ba. Sai dai a faɗi gaskiya, murhun rana bai shiga gidajenmu ba. Uwargida tana tuƙa tuwo ne da magariba, lokacin da rana ta faɗi, kuma kayan suna da tsada. Farantan sola da suka cika kasuwannin Tasawa da Maraɗi yau daga waje ake kawo su. Ni a ganina laifin ba nasa ba ne. Ya soma aiki, mu ne ba mu ɗora ba.

Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na malami shi ne littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda aka buga a Paris a 1964. Mutumin da ya kai ƙololuwa da Faransanci shi ne ya rubuta cewa makarantar mulkin mallaka tana raba yaro da gidansu, kuma ya kamata a koyar da yara da harsunan Afirka. Ya yaba wa tarbiyyar gargajiya inda yaro ke koyo yana aiki, a gona ko a maƙera. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma har gobe akwai iyayen da ke zuwa wurina suna cewa, "Malam, mun kawo shi ne ya ji Faransanci, Hausa ai yana ji a gida." Na fahimce su, jarrabawa da neman aiki suke tunani. Ina dai gaya musu labarin wannan mutum, in bar su su auna.

Mako guda bayan waccan tambaya na shiga aji da gilashin ƙara girman rubutu da guntun takarda. Muka fita fili da tsakar rana, na tattara hasken a wuri ɗaya har hayaƙi ya tashi. Na yi bayanin duka da Hausa. Yarinyar nan mai yaya a jami'a ta daɗe tana kallon ramin da ya ƙone, sannan ta ce, "Mushe, in gilashin ya kai faifai girma, zai tafasa tukunya?" Na ce ta nemo tsohon madubi a gida, ranar Asabar mu gwada.