Fataken Tsofaffin Kaya: Tarihin Wata Sana'a da Ba a Cika Maganarta Ba

Duk wanda ya san Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya san rumfunan da ake baje tsofaffin takubba da akusa da tasoshin tagulla da duwatsun wuya. Sau da yawa mukan wuce su ba tare da mun waiwaya ba, muna ganin kayan Turawa 'yan yawon buɗe ido ne. Amma wannan ciniki yana da tarihi mai tsawo, kuma Hausawa suna cikin waɗanda suka fi kowa riƙe shi a Afirka ta Yamma. Nufin wannan maƙala shi ne a bi sawun sana'ar, a ga inda ta faro, a kuma ga inda ta yi karo da tarihin da ya kamata mu adana.

Asalin abin fatauci ne. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin Hausawa yana kai tufafi da fatu da kanwa Gwanja, ya komo da goro. Wannan ya sa aka sami zango-zango na Hausawa a garuruwa da dama, da masu masauki, da dillalai, da al'adar ba da kaya bisa amana. Da Turawan mulkin mallaka suka zauna, sai wasu 'yan koli suka gane cewa Bature yana son abin da zai tafi da shi gida don tunawa. Ɗan koli yakan ɗauki ƙunshinsa ya je bariki, ya shimfiɗa kayansa a barandar gidan joji ko likita: jakunkunan fata, da farantan tagulla na Bida, da wuƙaƙe, da tabarmi. Sannu a hankali suka lura cewa wasu Turawan sun fi son tsohon abu a kan sabo, har sukan biya ninkin kuɗinsa. Daga nan aka shiga ƙauyuka neman abin da mutane suka jingine.

Hanyoyin goro su ne suka zama hanyoyin wannan sabon ciniki. Wani Ba'amurke masanin al'adu, Christopher Steiner, ya zauna da 'yan kasuwar sassaƙe-sassaƙe a Abijan, ya fitar da littafi a kansu a shekarar 1994. Ya nuna yadda Hausawa, tare da Julawa da Wolof, suke saye daga ƙauyuka su sayar wa Turawa. Haka kuma a 1992 an yi wani fim a kan Gabai Baare, Bahaushe ɗan Nijar, wanda yake ɗaukar kaya daga Kwaddibuwa zuwa Amurka. Abin lura shi ne, waɗannan fatake Musulmi ne, ba su ɗauki mutum-mutumin da suke sayarwa a bakin komai ba. "Itace" kawai suke kiransa. Ga wanda ya sassaƙa shi abin bauta ne, ga Bature abin ado ne, ga falke kuwa haja ce.

To, da masu saye suka yi yawa, tsofaffin kaya kuma suka yi ƙaranci, sai aka koyi tsufar da sabon abu. Akan rataye sassaƙa a madafa hayaƙi ya turara ta, ko a shafa mata ruwan goro, ko a binne ta gara ta ɗan taɓa. Ko lambar shekara ma ba hujja ba ce. Kuɗin azurfa na Mariya Tereza, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da Barno, an ci gaba da buga shi shekaru aru-aru, amma kowanne yana ɗauke da 1780. Saboda haka mai sha'awar tara kaya sai ya yi hattara, don ba duk abin da ya yi baƙi ne ya tsufa ba.

Har zuwa nan maganar ciniki ce tsakanin mai saye da mai sayarwa. Inda gizo yake saƙa shi ne kayan da ke ƙarƙashin ƙasa. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok. A 1943 kuma aka kawo wa wani jami'in mulki mai ilmin tono, Bernard Fagg, wani kan daga Jama'a, wanda aka ce an daɗe da kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Fagg ya ga kamannin da ke tsakanin su biyun, ya sa wa al'adar suna Nok. Bincike ya nuna waɗannan gumakan sun haura shekara dubu biyu. Da irinsu aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin kare su da doka. Dokar 1953 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba tare da izni ba. Dokar soja mai lamba 9 ta 1974 ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda hukuma ta yarda da shi. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta kuma sa kayan fasahar gargajiya da aka ƙera kafin 1918 cikin abin da ake karewa. Amma doka daban, yunwa daban. Cikin shekarun 1990, sa'ad da darajar naira ta faɗi, manoma da yawa a kudancin Kaduna suka koma haƙa, dillalai na biyan su kuɗi kaɗan, kayan kuma na ƙetare iyaka zuwa Turai. Haka ta faru a Nijar. An gano maƙabartar Bura a 1975, Boube Gado ya yi tono a wurin a 1983, bayan labarinta ya bazu sai maharan kaya suka far wa yankin.

A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, da Nok da Bura a ciki. A wannan shekarar ce aka baje gumakan Nok a gidan tarihi na Louvre a Faris, aka yi ta cece-kuce. Sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne asarar, tun da abin yana can a adane cikin gilashi? Asarar ita ce, masanin tono ba gunkin kaɗai yake karantawa ba. Yana duban zurfin da aka same shi, da gawayin da ke kusa, wanda da shi ake auna shekaru, da fasassun tukwane, da ƙwayar hatsin da ta ƙone. Wanda ya haƙa da dare don ya sayar yakan watsar da duk wannan. Kamar a yage shafi ɗaya ne daga littafi a ƙona sauran.

Wannan ba ya nufin sana'ar tsofaffin kaya haramun ce, ko tara su aikin banza ne. Ɗalibin da ya adana anini da kwabo mai huji, waɗanda aka daɗe da daina kashewa, ko gafakar kakansa, ko akushin kakarsa, ya yi wa tarihi hidima, musamman in ya rubuta sunan mai abin da garinsu da amfanin da aka yi da shi. Ɗan kasuwar da ya sayar da sabon aiki a matsayin sabo ya raya maƙera da dukawa. Iyakar da tarihi ya shata mana ita ce: abin da aka tono daga ƙasa, da abin da gari ya gada baki ɗaya, kamar tambarin sarauta ko littafin wani malami, ba hajar mutum ɗaya ba ne.

Mu da muke nazarin Hausa, aiki na jiranmu. Tsofaffin fataken nan suna nan a Kano da Yamai da Abijan, sun san abin da ya fita daga kowane gari da hanyar da ya bi. Ya kamata mu je mu zauna da su, mu ɗauki bayaninsu tun suna da rai.