Asalin Tatsuniyar Ye Xian da Gardamar Takalminta

Duk lokacin da aka sake buga tatsuniyar Sindirela, marainiyar da takalminta ya kai ta gidan sarauta, sai gardama ta taso a kan asalinta, kuma masu cewa daga ƙasar Sin ta fito sukan kafa hujja da labarin Ye Xian. Tun kafin shi Strabo Bagirike ya rubuta labarin Rhodopis, wadda gaggafa ta kai takalminta ga sarkin Masar, sai dai babu kishiyar uwa a ciki.

Wanda ya fara rubuta labarin Ye Xian shi ne Duan Chengshi, ma'aikacin daular Tang da ya rasu a 863, a cikin Youyang Zazu, littafin da ya tara labaran al'ajabi. Ya ce daga bakin baransa Li Shiyuan ya ji shi, mutumin Yongzhou, inda birnin Nanning yake a yau. A labarin, yarinyar ta yi kiwon kifi mai idon zinariya, kishiyar uwarta ta yaudare shi ta kashe shi, sannan ƙasusuwansa suka riƙa biya mata buƙata, har ta je biki da rigar gashin tsuntsu da ɗan ƙaramin takalmin zinariya, wanda ƙafa ɗayansa ta ɓace ta faɗa hannun sarkin tsibirin Tuohan, shi kuma ya nemo yarinyar ya aure ta. Wannan ya riga rubutun Sindirela na Charles Perrault na 1697 a Faransa da fiye da shekara 800.

Wasu sukan danganta ƙanƙantar takalmin da al'adar ɗaure ƙafar 'yan mata don kada ta girma, amma hujjar ba ta da ƙarfi, domin al'adar ba ta bayyana ba sai ƙarni na 10, bayan rasuwar Duan. Abin da ya fi kama hankali shi ne labarin na mutanen kudancin Sin ne, waɗanda ake dangantawa da kakannin ƙabilar Zhuang, shi ya sa ya yi kama da tatsuniyar Tam da Cam ta Biyetnam, inda nan ma kifi da ƙasusuwansa ne ke taimakon marainiya.

Masanin Japan Minakata Kumagusu ya nuna alaƙar labarin Ye Xian da Sindirela a 1911, Arthur Waley ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1947, sannan Ai-Ling Louie da mai zane Ed Young suka mayar da shi littafin yara a Amurka a 1982. Littattafan yara galibi a kan auren suke tsayawa, abin da ya rage wa labarin armashi, domin a rubutun Duan kwaɗayin sarkin ya yi yawa har ƙasusuwan suka daina amsa masa bayan shekara guda.