Karkatar maganaɗisu: abin da tsatsar kobalt ta bai wa kwamfuta

Karkatar maganaɗisu wani yanayi ne da ke aukuwa idan ƙarfe mai maganaɗisu ya manne da wani sinadari da ke riƙe shi ya fuskanci gefe guda. William Meiklejohn da Charles Bean ne suka gano shi a shekarar 1956, a ɗakin binciken kamfanin General Electric da ke Amurka, lokacin da suke nazarin garin ƙarfen kobalt wanda iskar oksijin ta yi wa tsatsa.

A cikin ƙarfe irin su kobalt da nikel, kowace ƙwayar zarra tamkar ƙaramin maganaɗisu ce, kuma dukkansu gefe guda suke fuskanta. A cikin tsatsar kobalt kuwa, jerin ƙwayoyin suna saɓa wa juna, wannan gabas wancan yamma, sai ƙarfinsu ya kashe juna. Saboda haka tsatsar ba ta jan ƙarfe, kuma da wuya maganaɗisun waje ya juya ta.

Wannan tsari na tsatsar ba ya kankama sai zafi ya sauka ƙasa da wani mizani da aka raɗa wa sunan Louis Néel, masanin Faransa da ya samu kyautar Nobel a 1970. Mizanin tsatsar kobalt kusan digiri 18 ne a ma'aunin Selshiyas, na tsatsar nikel kuwa kusan digiri 250. Idan aka sanyaya ƙarfen da tsatsarsa a gaban maganaɗisu mai ƙarfi, ƙwayoyin da ke kan iyakar su biyun sai su kafe a yadda suke, su riƙe na kobalt. Daga nan juya ƙarfen zuwa ɗaya gefen yakan buƙaci ƙarfi fiye da mayar da shi inda ya saba.

Amfanin binciken bai fito sosai ba sai bayan 1988, lokacin da Albert Fert da Peter Grünberg suka gano cewa gudun lantarki cikin siraran shimfiɗun ƙarfe yana sauyawa gwargwadon inda maganaɗisunsu ya fuskanta. A na'urar karanta faifan ajiyar bayanai, ana kafe shimfiɗa ɗaya ta hanyar karkatar, a bar ɗayar tana juyawa, sai bambancin su ya nuna abin da aka adana. Kamfanin IBM ya fitar da irin wannan faifai a 1997. An gwada tsatsar nikel tun da farko, amma yau an fi amfani da gaurayen manganis da iridiyam.

Har yanzu da sauran aiki. Lissafin farko ya yi hasashen ƙarfin da ya ninka wanda ake aunawa kusan sau ɗari, kuma masana na danganta giɓin da kaushin iyakar shimfiɗun biyu da yadda ƙwayoyin tsatsar ke rarrabuwa yanki-yanki.