Rijiyar Zamzam da Masu Shayar da Alhazai

Alƙur'ani mai girma bai ambaci Zamzam da sunanta ba. Ya ambaci kwarin da ba shi da shuka inda Annabi Ibrahim (A.S.) ya zaunar da iyalinsa, ya ambaci Safa da Marwa, ya kuma ambaci shayar da alhazai a cikin Suratut Tauba. Labarin ɓuɓɓugowar ruwan kuwa a hadisi aka same shi, musamman wanda Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas, inda aka bayyana yadda Nana Hajara ta yi ta kai da komowa tsakanin duwatsun nan biyu har sau bakwai, salkarta ta ƙafe, jaririnta Isma'ila yana birgima don ƙishi. Akwai wani wuri a cikin ruwayar da ya kamata mai nazarin tarihi ya tsaya a kansa. Da ƙabilar Jurhum suka hangi tsuntsu yana shawagi, suka gane akwai ruwa, suka zo neman izinin zama, Hajara ta yarje musu bisa sharaɗi guda, watau ba su da iko da ruwan. Tun daga ranar farko ke nan, maganar Zamzam ba ta rabu da maganar wanda ke riƙe da bakinta ba.

Jurhum sun riƙe Makka zamani mai tsawo. Marubuta tarihin farko, irin su Ibn Ishaƙ da Azraƙi, sun ce da Huza'a suka fatattake su, sai shugabansu ya zuba barewa biyu na zinariya da takubba a cikin rijiyar, ya binne ta. Haka ta ɓace, mutanen Makka suka koma ga wasu rijiyoyi da suka haƙa a gefen gari, har Abdul Muɗɗalib, kakan Manzon Allah (S.A.W.), ya ga wurinta a mafarki ya tono ta, ba shi da mataimaki sai ɗansa Harisu. Ƙuraishawa suka taso suna neman a raba da su, suka ce ai rijiyar ubansu Isma'ila ce. Wannan jayayya ce ta sa ya yi bakancen yanka ɗa guda in Allah ya ba shi goma, ƙuri'a ta faɗa kan Abdullahi, aka fanshe shi da raƙuma 100.

Daga nan shayarwa ta zama gadon gidan, ta bi ta hannun Abu Ɗalib ta isa ga Abbas, Manzo kuma ya tabbatar masa da ita bayan buɗe Makka. A Hajjin Bankwana, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir, Manzo ya iske 'ya'yan Abdul Muɗɗalib suna jan guga, ya nuna musu da ya ja tare da su, ba don gudun kada jama'a su ɗauki abin ibada ne su yi musu rinjaye a bakin rijiyar ba. Suka miƙa masa guga ya sha. Cinkoson da ya guje wa a ranar shi ne ya yi ta sake fasalin wurin cikin ƙarnonin da suka biyo baya.

Halifofin Abbasiyawa, waɗanda suke jikokin mai shayarwar ne, sun shimfiɗa marmara a kewayenta, suka yi mata rufi. Ba ta tsira daga fitina ba. A shekarar 930 Ƙaramiɗawa ƙarƙashin Abu Ɗahir suka afka wa alhazai, suka zuba gawawwaki a cikinta, suka tafi da Hajarul Aswad, bai dawo ba sai bayan shekara ashirin da 'yan kai. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, da ya isa Makka a 1183, ya tarar da ƙubba a kanta, mutane suna ja suna sha, suna sheƙa wa juna. Ya kuma ba da labarin yadda a tsakiyar Sha'aban jama'a suka yi ta yayata cewa ruwan ya taso, aka zura igiya aka auna, aka tarar yana inda yake. Shi kuwa bai ga cewa awon ya rage wa rijiyar daraja ba, abin da ya kamata masu ƙaga wa Zamzam labaran mamaki a yau su lura da shi.

Irin wannan bakin rijiya ne alhazan ƙasar Hausa suka riƙa tararwa a zamanin tafiyar ƙasa, bayan sun bi ta Barno da Wadai da Darfur, sun ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, wasu bayan shekaru suna ƙwadago a hanya. Abin da mutum zai iya ɗaukowa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa al'adar tsarabar ta tashi a kan ɗan kaɗan: a ɗiga a cikin ƙwarya cike da ruwan gida don masu zuwa barka su samu, a shafa wa majinyaci, a ɓoye saura don yayyafa wa likkafani. A Makka kuwa aikin kai ruwan masaukai yana hannun wasu gidaje da ake kira Zamazima, masu yawo da tuluna.

Jirgin sama da mota suka canza lissafi. Alhazan Nijeriya kaɗai sun haura 100,000 a 1977. Tun kafin nan, a 1963, hukumar Sa'udiyya ta rushe ginin da ke kan rijiyar don faɗaɗa filin ɗawafi, tun da tazararta da Ka'aba ba ta wuce mita 20 ko 21 ba, aka mai da mashigarta ƙarƙashin ƙasa, famfo ya maye gurbin guga. Wanda ya sauka matakalar yakan hango bakinta ta bayan shinge. A 1979 da 1980 aka sa masu nutso suka yashe ta, injiniya Yahya Koshak ya rubuta abin da aka gani. Zurfinta kimanin mita 30 ne, samanta yashi da tsakuwar kwari, ƙasanta dutse, ruwan kuma yana shigowa ne ta tsagogin da ke kusa da mahaɗar biyun.

A 2003 aka rufe mashigar ƙarƙashin ƙasar ma, aka daɓe ta da marmara. A 2010 aka buɗe ma'aikatar Sarki Abdullahi a Kudai, kudu da Harami, inda ake tace ruwan a zuba a jarkoki, ana kuma kai wani Masallacin Madina a motocin tanki. Alhajin yau yakan taka saman rijiyar yana ɗawafi bai sani ba, ya sha daga tankunan da aka jera a kofin roba, ya dawo gida da jarka mai lita 5. Idan 'yan barka suka taru, tsohuwar da ta yi nata hajjin kafin 2003 takan tambaye shi ko ya leƙa rijiyar, shi kuma sai ya ce bai ga rijiya ba.